Tana da lasisi a bango amma ta ce ba ta iya kan 'yata ba

"Assalamu alaikum Anti, don Allah ina da tambaya. Ni a Amurka nake zaune, na iya kitso sosai tun ina yarinya, shi ne nake son in shiga makarantar koyon gyaran gashi in samu lasisi in buɗe wajena. To satin da ya wuce na kai 'yata wani salun a datse mata bakin gashi, matar tana taɓa kan ta ce ita ba ta iya irin wannan gashin ba sai dai mu gwada wani wuri, kuma ga lasisinta nan manne a bango. Wallahi jikina ya yi sanyi. In dai wadda ta gama makarantar ba ta iya gashinmu ba, ni me zan je in koyo? Ko asarar kuɗi kawai zan yi? Kuma na ji an ce an yi doka a kan haka, da gaske ne?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayar taki ɗaya ce a baki amma uku ce a ciki, me ya sa mutum zai gama makaranta har a ba shi lasisi bai iya murɗaɗɗen gashi ba, dokar da kika ji labari me ta gyara, sannan ke da kika riga kika iya kitso ko akwai abin da makarantar za ta ƙara miki. Na daɗe a sana'ar nan, yanzu ma koyarwa nake yi a wata makarantar gyaran gashi a nan Amurka, don haka abin da matar nan ta gaya miki ba baƙon zance ba ne a kunnena. Kuma ki yi haƙuri, ni ban ga laifinta sosai ba. Wadda za ta taɓa kai ta ce ban iya ba ta fi min wadda za ta ce ku zauna kawai, ta ɗau almakashi ta yi ta gwaji a kan yarinya, ki koma gida kina lallashi. Laifin yana can inda aka koyar da ita.

Yadda aka yi aka zo nan

Ruwa dai ba ya tsami banza. Zamanin wariyar launin fata a Amurka komai a rabe yake har wurin gyaran kai, farare da salun ɗinsu da makarantunsu, baƙaƙe da nasu. Matan baƙar fata su suka gina nasu ilimin da hannunsu, Annie Malone ta buɗe Poro College a birnin St. Louis a 1918, Madam C.J. Walker ma, wadda ta fara da sayar da kayan ita Malone ɗin kafin ta kafa nata kamfanin, ta horar da dubban mata. Kin ga ke nan ilimin gashinmu akwai shi tun tuni. Abin da ya faru shi ne da aka zo tsara manhajar da kowa zai bi da jarrabawar lasisi, gashi mai santsi aka ɗauka shi ne gashi, namu kuma ya zama wani ɗan babi can gefe. Babin ma in kin buɗe me ke ciki? Yadda za a miƙar da shi. Rilaksa, kum mai zafi, shi ke nan. Yadda za a wanke shi a taje a yanke a rina yana nan yadda Allah ya halicce shi, wannan kam sai dai ki koya a hannun wata.

An daɗe abin bai fito fili ba saboda yawancin mata masu irin gashinmu rilaksa suke sawa, in sun shigo salun kan ya riga ya kwanta. Daga wajajen shekarun 2000 ne mata suka fara ajiye rilaksa suna komawa gashinsu na asali, to nan fa asiri ya tonu, kai ya zo kan kujera yadda yake, masu lasisi suka tsaya suna kallonsa.

Amma dalilin da ni a ganina ya fi tarihin ma ƙarfi a yau shi ne jarrabawa. Kowace jiha da hukumarta mai ba da lasisi, kuma ita ke yanke awa nawa za ki yi a makaranta. New York awa 1,000 ne, California ta rage nata daga 1,600 zuwa 1,000 a 2022, jihohi da yawa kuma 1,500. Ji za ki yi kamar da yawa, amma cikin awannin nan ne za a cusa miki yankan gashi da rini da sinadarai da farce da gyaran fata da kwalliya da tsaftar kayan aiki da dokokin jiha. Ita hukuma abin da ya dame ta kada ki ƙona mutum, kada ki ɗora masa cuta da kum mai datti. Makaranta kuwa ana auna ta ne da yawan ɗalibanta da suka ci jarrabawa, to me kike zaton za ta koyar? Abin da zai fito mana. Wanda ba ya fitowa sai a ce sai in lokaci ya ragu, lokaci kuma ba ya raguwa.

Sai maganar 'yar tsana. Ranar farko za a miƙo miki jaka, ciki da almakashi da kum da kan 'yar tsana, kina buɗewa za ki ga gashi ya zubo har kafaɗa sumul kamar siliki. A kan wannan kan za ki koyi tsaga, ki koyi riƙon almakashi, ki koyi jan gashi tsakanin yatsu biyu ki yanke, wata da watanni har hannunki ya faɗa. Kan 'yar tsana mai murɗaɗɗen gashi ya fi tsada, makarantu da yawa ba sa sa shi cikin jakar, wanda ake samu ma sau da yawa gashi ne mai santsi aka murɗa da sinadari a kamfani, kama kawai ya ɗauko, ba ya tsukewa kamar na gaske, ba ya ƙulluwa kamar na gaske. Ga shi malamar da ke tsaye a kanki ita ma haka aka koyar da ita. Ɗaliba ta fita ta zama malama, ta koyar da abin da ta sani, haka ake ta zagayawa.

Maganar doka

E da gaske ne, amma kada ki haɗa dokoki biyu don mutane suna yawan cakuɗa su. Akwai dokar CROWN wadda California ta fara yi a 2019, New York ta biyo baya a shekarar, yanzu jihohi sama da 20 suna da irinta. Ita wannan cewa ta yi ba za a hana mutum aiki ko a matsa masa a makaranta saboda kitso ko dada ko gashinsa na asali ba. Ba ruwanta da abin da ake koyarwa. Wadda ta shafi tambayarki daban ce. Louisiana ce ta buɗe hanya, hukumar lasisinta ta yanke a 2021 cewa daga 2022 sai an gwada ɗalibi a kan yankan murɗaɗɗen gashi kafin a ba shi lasisi. A Nuwamban 2023 gwamnar New York, Kathy Hochul, ta sa hannu a dokar da ta wajabta koyarwa da jarrabawa a kan kowane irin gashi, a 2024 Minnesota da Connecticut da California suka yi nasu. Birtaniya ma a 2021 ta sa gashin 'yan Afirka cikin ƙa'idojinta na koyar da sana'ar.

Na yi murna da dokokin nan sosai saboda sun taɓa inda ya dace, in ka canza jarrabawa dole makaranta ta motsa. Sai dai doka ba za ta sa malama ta kwana ta wayi gari ta iya abin da ba ta taɓa yi ba. Wata makarantar abin da za ta yi shi ne ta ware sati ɗaya, a kunna bidiyo, a ɗan tattaɓa 'yar tsana, a cike takarda an bi umarni. Sannan sababbin ɗalibai dokar ta fi shafa, waɗanda suka karɓi lasisinsu tun kafin nan suna nan suna aiki da abin da suka sani, mai yiwuwa matar da kika je wurinta cikinsu take.

Abin da ya kamata a koyar tun daga tushe

Bari in ɗan daɗe a nan, don da shi za ki auna duk makarantar da kika je. Gashi yana tsirowa ne daga wani ɗan rami a cikin fatar kai. Na mai santsi ramin a miƙe yake, silin gashin kuma in an yanka shi aka duba a madubin likita zagayayye ne. Namu ramin a lanƙwashe yake, silin kuma a ɗan baje yake kamar zirin ƙyalle, yana fitowa yana murɗewa. Duk inda ya lanƙwasa nan ne rauninsa, nan yake karyewa. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har baki saboda hanyar duk kwana ce, shi ya sa bakin gashin kullum a bushe. Sannan sili ɗaya yakan naɗe kansa ya ɗaure, ko ya sarƙe da na kusa da shi. Abin da na fi nanata wa ɗalibaina ke nan, gashin da kuke gani kamar ya fi kowanne ƙarfi shi ya fi kowanne saurin karyewa. Da yawa suna zuwa da tunanin tunda ya yi tsauri a ido sai an sa masa ƙarfi, a ƙara wuta, a ƙara sinadari, alhali lallaɓawa yake so.

Za ki ji ana ta 3B, 4C. Wannan rabon ya samo asali ne daga Andre Walker, mai gyara wa Oprah Winfrey gashi, a shekarun 1990, lamba 1 mai santsi, 2 mai ɗan lanƙwasa, 3 mai nannaɗe, 4 mai murɗiya sosai, harafin A, B ko C da ke biye kuma yana nuna yadda murɗiyar ke ƙara matsewa. Yana da amfani wurin magana, amma ɗalibar da ta haddace lambobin nan ta ɗauka ta gama to ba ta fara ba. Kai ɗaya za ki samu ƙeya daban, tsakiya daban, gaban goshi daban. Mata biyu duk a ce musu 4C, ɗaya silinta siriri kamar zaren gizo ɗaya kuma kauri, abin da wannan za ta jure waccan ba za ta jure ba. Abin da nake sa su duba kafin su taɓa komai shi ne kaurin silin, cikar gashin a kai, yadda yake shan ruwa, da yadda yake talewa. Ki fesa ruwa a wankakken gashi, in ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo a sama to gashin a rufe yake, sai da ɗumi da haƙuri kafin komai ya shige shi, in kuwa ya zuƙe nan take ya kuma bushe nan take to ya buɗe da yawa, sau da yawa rini ne ko wuta suka ci shi. Ki ja sili ɗaya jiƙaƙƙe a hankali, lafiyayye zai ɗan tale ya dawo, wanda ya gaji tsinkewa zai yi.

Tajewa ma darasi ne mai zaman kansa, kuma shi ne inda yara suke fara tsanar salun. Ba a taje shi a bushe, ba a fara shi daga tushe. A raba kan kashi huɗu ko shida ko fiye a kama kowane, a jiƙa, a sa kwandishina har ya yi santsi, a fara warwarewa da yatsu, sannan kum mai manyan haƙora daga baki a riƙa hawa sama. Wanki ma a rabe ake yi, fatar kai ake cuɗawa, ba a tara gashin gaba ɗaya a tsakiyar kai a yi ta murza kamar wankin kaya, in an yi haka an haɗa wa kai aikin awa guda. Duk wannan lokaci yake ci, ɗalibar da ta saba ta taje 'yar tsana cikin minti biyu sai ta ga kamar ita ce ba ta iya ba, sai ta fara sauri, sauri kuma shi ne fizga.

Yanka shi ne inda aka fi yin ɓarna, kuma shi ne abin da matar nan ta ji tsoro. Akwai wata ɗalibata, yarinya mai ƙoƙari wallahi, hannunta ya faɗa sosai a kan 'yar tsana. Wata mata ta zo salun ɗin makaranta ta nuna da hannu cewa tana son gashin ya tsaya daidai haɓa. Yarinyar ta yi yadda aka koya mata, ta jiƙa, ta ja tsakanin yatsu, ta yanke daidai haɓa, layi ya fita tas. Da gashin ya bushe sai ya tattare ya koma saman kunne, kuma ba ma daidai ba, ƙeya ta fi murɗiya sai ta fi tsukewa, gefe ɗaya ya sauko ɗaya ya haye. Matar ta kalli madubi ba ta ce uffan ba, sai hawaye. Ni ina can wani ɓangaren ina duba rini, kuma har yau kaina nake ɗora wa laifin, da na tsaya na minti ɗaya kafin a fara da ba a yi haka ba. Irin gashin nan yana iya tsukewa ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka, kuma in an rage masa nauyi ƙara tashi yake yi. Tun daga ranar ba mai ɗaukar almakashi a ajina sai ta tambayi mai kai, yaya kike barinsa kullum? In a murɗensa take yawo da shi, a bushe za a yanka shi yana yadda yake, ana bin kowane nannaɗi ana kallon siffar da ido. In kuma miƙar da shi take yi ko kitso, ko bakin kawai za a datse, sai a busar da shi da handiraya a miƙe sannan a ga inda ya lalace a cire. Duka biyun daidai ne, sanin wanda za a ɗauka shi ne aikin.

Wuta kuma, ƙarafan gogar gashi da yawa suna kaiwa digiri 450 a ma'aunin Amurka, wajen 230 ke nan a Salshiyas, sai ɗaliba ta murɗa har ƙarshe don ta ga gashi ya cika. Ba a ɗora ƙarfe a gashi mai danshi, wannan ƙarar cuu da kike ji ruwa ne ke tafasa a cikin silin. In zafi ya yi yawa murɗiyar ba ta dawowa ko an wanke sau goma, za ki ga wasu silla sun miƙe suna lilo a tsakiyar sauran, maganinsu almakashi kawai.

Inda makaranta ta fi kowa amfani

Sinadarai. A nan ne nake ce wa masu kitso kada su raina makaranta. Gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin da ke nuna tsami ko kaifin sinadari, rilaksa mai soda kuwa, irin sodar nan da ake haɗa sabulu da ita, tana kaiwa wajen 13. Karya ƙullin da ke riƙe da siffar gashin take yi, kuma ba ya komawa. Wadda aka rubuta mata babu soda ma ba wasa ba ce, ta fi sauƙi a fata amma tana barin gashi a bushe. Makaranta ce za ta koya miki a shafe fatar kai da man kariya tukuna, kada a sa wa kan da aka sosa ko mai ƙurji, sabon tsiro kawai ake shafawa ba a maimaita kan wanda ya riga ya sha, a bi agogo ba a jira sai mai kai ta ce yana zafi ba, a wanke da shamfun da ke kashe ƙarfin sinadarin. Za ki koyi abin da ba ya haɗuwa da wani, rilaksa a kan gashin da aka yi wa bilicin, ko wani nau'in sinadarin murɗa gashi a kan wanda ya sha soda, gashin a hannunki zai narke. Bilicin shi kaɗai ma yana sassauta murɗiya, dole a gaya wa mai kai kafin a fara.

Akwai kuma binciken da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2022, an bi mata sama da 33,000 kusan shekara 11, aka ga waɗanda ke yawan amfani da sinadaran miƙar da gashi, sama da sau huɗu a shekara, haɗarin kansar mahaifa a wurinsu ya ninka na waɗanda ba sa amfani da su fiye da sau biyu. Alaƙa aka gani, kuma cutar ba mai yawa ba ce, amma ke da za ki wuni kina shaƙa kina taɓawa ya kamata ki sani, safar hannu da iska mai shiga da fita ba ado ba ne.

Sai fatar kai, kuma wannan ke nake yi wa don ke mai kitso ce. Kitson da aka ja da ƙarfi, musamman da atachi mai nauyi, yana cinye gashin gaba da na gefen kunne sannu a hankali. Ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, ciwon kai, mace ta kasa kwanciya daren da aka yi mata, duk alamu ne an ja da yawa. In an sassauta da wuri gashin yana dawowa, in an daɗe ana yi ramin ya mutu shi ke nan. Akwai wata zubewar kuma da likitoci ke kira CCCA, daga tsakiyar kai take farawa tana faɗaɗa, ta fi kama matan baƙar fata, tana barin tabo. Ni ba likita ba ce, ke ma lasisi ba zai mai da ke likita ba, aikinmu mu gani da wuri tunda mu ke kallon tsakiyar kan da mai shi ba ta gani, mu ce je ki ga likitan fata, ba mu sayar mata da mai mu ce zai tsiro ba.

To ki shiga ko kada ki shiga?

Ya danganta da abin da kike son yi a wajen naki. In kitso ne zalla, ba yanka ba rini ba sinadari, jihohi sama da 30 ba sa neman lasisi a kansa yanzu. Ba haka kawai aka samu ba, a 1997 an kama Isis Brantley a Dallas don tana kitso ba lasisi, ta yi shekaru tana fafatawa har Texas ta cire sharaɗin a 2015. Wasu jihohin kuma suna da ƙaramin lasisi, New York tana da na gyaran gashi na asali, awa 300. Amma in kina son ki yanka ki rina ki sa sinadari, babu makawa sai cikakken lasisi, kuɗinsa kuma yakan haura dala 10,000, don haka kafin ki biya ko sisi ki shiga shafin hukumar jiharki ki karanta abin da ke aiki yau, dokokin nan suna canzawa kuma na jihar maƙwabta ba naki ba ne.

Ni shawarata ki shiga, amma ki zaɓi makarantar da ƙafarki ba da hoton intanet ba. Ki je ki ce a nuna miki jakar da ake ba ɗalibai, ki buɗe ki ga kawunan da ke ciki. Ki tambaya awa nawa ake yi a kan murɗaɗɗen gashi kuma wace malama ce ke koyarwa, in aka fara ce miki ai duk gashi gashi ne to kin samu amsa. Ki nemi ganin malamar, ki tambaye ta yadda take yanka kai irin na 'yarki, minti biyu ya isa ki gane ko ta taɓa yi. Abin da ya fi duka, ki zauna a salun ɗin makarantar kamar rabin awa ki kalli kawunan da ke shigowa, domin rabin karatun a kan waɗannan mutanen za ki yi shi, makarantar da ke unguwar da masu irin gashinmu suke da yawa ko manhajarta ba ta ce komai ba hannunki zai koya dole. Ki kuma tambaya ko za a bar ki ki riƙa kawo mutanenki ki yi aiki a kansu malama tana gani.

Abu biyu zan ja miki kunne a kai. Na farko, da zarar sun gane kin iya, duk kan da ya shigo mai murɗiya ke za a tura wa, har ki wayi gari ke ce malama ba albashi. Ki taimaka, amma kuɗi kika biya, ki tabbata kin samu rabonki na gashi mai santsi da rini da yankan maza, ranar jarrabawa da ranar da kika buɗe shago kowa zai shigo. Na biyu, haihuwarki da gashin ba ta nufin kin san shi. Ni kaina da girman kai na shiga, ina ganin wa zai koya min kaina, sai da na ga yawan abin da na saba yi da bai dace ba, tsaga da jan gaban goshi har fata ta ɗaga ina ganin shi ne kitso ya yi kyau. Kanki kika sani da na waɗanda kika yi wa kitso, akwai masu nannaɗe manya-manya masu laushi da in kika loda musu man da kike sa wa naki sai su kwanta su yi nauyi kamar an jiƙa su.

In kin gama kada ki yi saurin kama haya. Ki nemi wadda ta ƙware a yankan irin gashin nan ki zauna ƙarƙashinta ko wata shida ne, kina wanki kina tajewa kina kallon hannunta. Akwai kwasa-kwasai na kwana biyu ko uku da ake biya bayan makaranta, wasu suna da kyau, amma ki tambaya ko a kan mutum za ki yi ko kallo kawai za ki yi daga kujera.

Ita kuma 'yar taki, kafin ku sake fita ki buga waya tukuna, ki ce gashinta mai murɗiya ne sosai ba rilaksa, wa kuke da shi da ke yanka irinsa, kuma a bushe yake yanka ko sai ya miƙar? Ki nemi hoton aikinsa a kan kai irin nata. Ku je da kan a wanke a taje, a barshi yadda take yawo da shi, ba a ɗaure tamau ba. Ki ce a nuna miki da yatsa iya abin da za a cire kafin almakashi ya taɓa. In kika ga an ɗauko ƙaramin kum mai haƙora a matse za a soka a busasshen kai daga tushe, ki ce a dakata, ki kama hannun 'yarki ku tashi.